Ayarin Babaji Zuwa Gadaka

A unguwar Hausari ta Potiskum, shekarun da motocin kaya suka fara yawa a hanyar Kano zuwa Maiduguri, an yi wani mutum wai shi Babaji, wanda ya hakikance cewa a makare ya zo duniya. Sunansa na yanka Muhammadu Lawan, sunan kakansa, wani madugu da ya riƙa jan ayarin fatake daga Kano zuwa Borno tun kafin zuwan Turawa, har tsufa ya zaunar da shi a nan. To, sunan kaɗai Babaji ya gada. Sana'arsa kasa kanwa da barkono a kan tabarma a ƙofar gida, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Mamudo, wani ƙauye nan kusa da gari. Ita ma da ƙafa a kumbure ya dawo, yana cewa hanyoyin yanzu sun lalace.

Amma a baki kam, babu dajin da bai keta ba. Da zarar an idar da la'asar, maza sun taru a gindin dogonyaro, sai ya gyara zama ya fara.

"Ku ba ku san rayuwa ba. Da a zamanin kakana na zo, da yanzu ina tsakanin Kukawa da Gwanja, jakuna sun cika hanya ba a ganin ƙarshensu. In na ɗaga hannu ayari ya tsaya, in na sauke ya tashi. Mahara su ji an ce Madugu Babaji ne tafe, su watsar da kwari su ranta a na kare. Sarakuna su aiko mini da tuwo tun ban sauka ba."

Ɗantala mai sayar da ruwa ya ce, "Ashe ba kai ne jiya ragon maƙwabciyarka Saudatu ya kora har cikin zaure ba?"

"Ragon zamani ne, ba shi da tarbiyya. Ragunan da, suna ganin mutum suke sanin girmansa."

Abu biyu ne suka tsone wa Babaji ido a duniya. Na farko mota. Na biyu Ayuba, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wato taubashinsa, wanda yake tuƙa wa wani attajirin Kano motar kaya. Abin da ya haɗa su kuwa takobin Madugu ne. Yana nan naɗe cikin tsohon zane a ɗakin Gwaggo Auta, mahaifiyar Ayuba, 'yar autan Madugun, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka taɓa bin ayarin da ƙafarsu. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ba haƙori sai harshe. Babaji ya yi naci, ya yi bambami, ya aika mata dattawa, ta ce takobin ubanta ba ya zuwa hannun mai kasa barkono. Tsoronsa guda, kada wata rana ta miƙa wa ɗanta.

Ana nan sai auren 'yarsa Hansatu ya taso, ita da wani saurayi ɗan kasuwa a Gadaka, can kudu da Potiskum. Matarsa Delu ta daɗe tana shiri. Shekara da shekaru tana tsugune gaban kaskon ƙosai, hayaƙi na cin idonta, tana sayen tasa yau, langa gobe, har kayan ɗaki suka haɗu: tasoshi, languna masu fure, tabarmi, matasan kai, tukwane, sabon turmi da taɓarya, ga nakiya da alkaki na gara. Ayuba ya shigo gidan ya ce ranar Laraba zai yi wajen Fika, a shirya kaya da mata masu jere ya sauke su a Gadaka.

Babaji ya miƙe tsaye. "Kayan jinin Madugu a cikin akwatin ƙarfe mai warin fetur? Ina raye? Kai ɗan mace, fita mini daga gida. Ayari zan tayar, irin na da, garin nan ya ga yadda ake tafiya."

"Allah ya ja zamanin ubangidana," in ji Ayuba, yana rusunawa da gangan. "Ayarin me da me? Kai da kajin Delu?"

Gwaggo Auta tana zaune a kan tabarma tana tsotsar garin taba. Ta tofar, ta goge baki.

"Babaji, bakinka ya ishe ni. To, ga ta nan. Ka kai kayan nan Gadaka, ko cokali bai lanƙwashe ba, takobin Baba naka ne, kuma ni da bakina zan kira ka Madugu a gaban jama'a. In ka kasa, in ba Ayuba ya riƙa saran ƙaya da shi idan motarsa ta kafe."

"Gwaggo!" in ji Delu. "Da kayan yarinyar nan za a yi gwajin?"

"Mace ba ta sa baki a shawarar ayari," in ji Babaji.

Delu ta dube shi sama da ƙasa. Kafin magariba ta kwashe tukwanen ƙasa ta kai ajiya gidan Saudatu, ta ce waɗannan kam sai dai ya sake ta.

Washegari Madugu ya fita haɗa ayari. Da yake ko akuya ba shi da ita, aro ya shiga. Ya fara da Ɗantala.

"Ba zan hana ka ba," in ji Ɗantala, "amma jakin nan hanya ɗaya ya sani, daga gida zuwa rijiya. Ko ba na nan zai je ya tsaya."

"Don bai taɓa samun madugu ba ne. Kai ma ka zo, na naɗa ka jagaba, mai shiga gaban ayari."

Ɗantala ya karɓi sarauta nan take, don ba ya son a ba shi labarin abin da zai faru. Daga nan Babaji ya je gidan Mallam mai gona a bayan gari, ya aro jakin da ake kai taki da shi. Mallam ya ce a lura, ya saba in ya isa gona shi da kansa yake girgiza ya zubar da kaya. Babaji ya ce wannan ai hankali ne, irin jakin da ake nema ke nan. Saudatu ta ba shi jakarta, ta ce ya haɗa da ɗanta don tana shayarwa. Ya ce atafau ba za a ga jariri yana tsalle-tsalle a ayarinsa ba, a ɗaure shi a gida.

Saura takarkari, wato san da ake ɗora wa kaya, don a cewarsa ayarin da ba takarkari yawon talla ne. Ya nufi wajen Bubayaro, wani Bafillace da yake sayen kanwar shanu a hannunsa. Bubayaro ya nuna masa wani tsohon sa mai karyayyen ƙaho, igiya a hanci, yana tsaye yana gyangyaɗi.

"Ga shi, Babaji. Wannan ya san Gadaka, ko ka yi barci zai kai ka."

"In shiga garin surukai da wannan ƙashi da rai? Wancan nake so."

Wancan kuwa wani ƙaton bijimi ne ja, tozo kamar tulu, yana tonon ƙasa da kofato.

"Aradu wannan ba takarkari ba. Duba hanci, babu huji. Ko tabarma bai taɓa hawa bayansa."

"Kai kiwo ka sani, ni tafiya na sani."

Bubayaro ya jingina da sanda, ya daɗe yana kallonsa. "To. In kai ka karye, babu ruwana. In sa ya karye, akwai ruwana."

A hanyar komawa ya tsaya rumfar mahauta ya ɗauko Bobbo mai kalangu, don madugu ba ya fita shiru kamar ɓarawo. Bobbo ya ce shi fa kiɗan nama kaɗai ya iya, wanda ake yi don gari ya san an yi yanka. Babaji ya ce kiɗa ai kiɗa ne, ya dai sa ƙarfi.

Ranar Laraba, tun asuba Gwaggo Auta ta aiko a gaya masa madugai da sanyin safiya suke tashi. Ya ce a gaya mata ya ji. Shi kuwa ba zai yarda ya sha wannan wahalar ba a gan shi ba, don haka ya jira sai da hantsi ya dubi ludayi, gari ya cika da 'yan cin kasuwar shanu. Sannan ya fito. Ya naɗa farin alawayyon da Delu ta saya don labulen amarya, rawani ya yi tsiri har ya fi ƙarfin ƙofar zaure, sai da ya duƙa. Ya jera layu a damtse, ya rataya kwari da baka na aro. Bazara ce, tun bai taka ko'ina ba gumi ya jiƙa masa riga.

Aka ɗora wa jakin rijiya tabarmi da taɓarya, jakin taki nakiya da alkaki, jakar Saudatu matasan kai. Bijimi kuwa sai da ƙarti suka taru suka danne shi. Babaji ya sa aka rataya masa kwandon tasoshi da languna a dama, turmi a hagu.

Gwaggo ta leƙo ta katanga. "Kai, kayan nan sun rinjaya. Ba a haɗa turmi da tasa."

"Gwaggo, ke kina 'yar yarinya a lokacin, a ƙarshen ayari kike. Me kika gani?"

"Na ga abin da ya ishe ni."

Tun da babu huji a hanci, sai ya ɗaura igiya a ƙaho, ya zagaya ɗaya bakin a ƙugunsa ya ƙulle tamau. Ɗantala ya ce ya riƙe a hannu mana, don in ta ɓaci ya saki. Babaji ya ce madugu ba ya saki, shi ya sa yake madugu.

Ya ɗaga hannu, ya sauke. Bobbo ya matse kalangu a hammata ya saki kiɗa.

Ai kuwa unguwa ta amsa. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da wannan kiɗa yake nufi, ga kuma ƙaton sa ana ja. Tsofaffin mata suka fara fitowa da akusa da kwanuka, karnuka suka biyo baya suna kaɗa bindi. Babaji ya waiwaya ya ga taro, kansa ya ƙara girma.

"Ka gani, jagaba? Haka ake raka madugai."

Wata tsohuwa ta ja masa hannun riga. "Ɗan nan, a ina za a kayar? A ajiye mini hanta."

"Ni tozo nake so," in ji wata, "kada a yi mini irin ta rannan."

Wani mahauci ya matso ya damƙi gindin wutsiyar san yana auna kitse. "Wa ya sayar maka ban sani ba? Nawa ka ba da?"

"Ku ja da baya! Wannan ayari ne, ba yanka ba!"

"Ayarin ina?"

"Gadaka!"

"To ai ka ba Gadaka baya, bawan Allah. Nan hanyar kasuwar shanu ce."

Gaskiyar mahaucin ce. Babaji ya sani sarai, amma ya ƙudura sai ya ratsa kasuwa kowa ya gan shi, sannan ya kewayo. Ya ce wa mahaucin madugu ba ya bayyana hanyarsa saboda 'yan leƙen asiri. Mutane suka fashe da dariya, waɗanda suka fito don nama suka fasa komawa gida, suka ce wannan ya fi nama.

A haka aka iso mararraba, inda hanyar rijiya ta yi dama, ta gonaki ta yi hagu. Jakin Ɗantala bai ko waiwaya ba, ya karya dama da tabarminsa. Jakin Mallam ya sunkuyar da kai ya yi hagu. Jakar Saudatu ta tsaya cak, ta kafa kunne, ta jiyo kukan ɗanta daga nesa, ta juya ta koma inda ta fito da sassarfa.

Babaji ya ɗaga hannu, daidai yadda ya sha nunawa a gindin dogonyaro. "Ayari ya tsaya!"

Ba wanda ya tsaya sai Bobbo, shi ma don ya gyara tsirkiya ne.

"Jagaba! Ina za ka?"

"Ina gaban ayari, ranka ya daɗe!" in ji Ɗantala daga nesa, yana bin jakinsa. "Ayarin ne ya rabu uku, na zaɓi nawa!"

Babaji ya zabura zai bi jakin nakiya, ya manta a ɗaure yake. Igiya ta fizgi ƙahon bijimi, bijimi ya yi girgiza, turmi ya rinjaya ya sulale ƙarƙashin cikinsa, kwandon tasoshi ya haye gadon baya ya buɗe. Tasa ta bugi langa, langa ta bugi murfi. San da bai taɓa ɗaukar ko tabarma ba ya ji ƙarfe yana kuka a bayansa, turmi yana dukan ƙafafunsa. Ya yi wani irin gurnani, ya ɗaga wutsiya, ya zuba a guje. In ya yi gudu tasoshi su yi ƙara, in sun yi ƙara ya ƙara gudu. Bobbo kuwa da ya ga abin ya yi armashi, sai ya bi su yana ƙara wa kiɗa wuta.

Da farko Babaji ya gwada gudu, yana taku irin wanda ƙafarsa ba ta taɓa yi ba. Daga nan ya koma tsalle. Daga nan ƙasa ta karɓe shi. Bakin rawani ya maƙale a wata ƙaya, ya riƙa warwarewa yana shimfiɗuwa a hanya tun daga mararraba. Kibau suka watse, layu suka tsinke.

"Mahara! An kawo hari! A kare ayari!" Da ya ci karo da wani kututture sai murya ta sauya. "Wayyo Inna! Ku yanke igiyar! Ku yanke!"

"Madugu ba ya saki!" mutane suka amsa masa daga baya.

Haka suka faɗa kasuwar shanu ana tsakiyar ciniki. Shanun da ke tsaye suka ji ƙarar ƙarfe ta nufo su, suka tsinke igiyoyi suka watse. Dillalai suka tattare riguna suka haye shinge. Wani da ya riga ya kama hannun mai saye zai ce ya sallama, sai ganinsa aka yi a kan bishiya. Ƙoren masu nono suka kife, Fulani suka bazu da sanduna suna kiran shanunsu, tasoshi na ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kofatai na bi ta kansu. Bijimi ya zaga kasuwar, ya sake zagawa, yana jan Madugu ta cikin duk abin da shanu suka bari a ƙasa tun safe.

Bubayaro ne ya kawo ƙarshen abin. Ya fito a hankali, ya ciro ɗan guntun kanwa daga aljihu, ya yi wata 'yar ƙara da harshe. Bijimi ya tsaya a bakin kwamin shan ruwa yana huci, ya zo ya lashi hannunsa. Bubayaro ya kwance turmin, ya duba ƙafafun san ɗaya bayan ɗaya, ya shafa tozo. Sai da ya tabbatar lafiya lau, sannan ya leƙa cikin taɓon da ke gefen kwamin.

"Babaji, kun iso Gadaka?"

Aka jawo shi. Ba rawani, ba takalmi, riga ta koma tsumma, ido da haƙora kaɗai ake ganewa. Wani ɗan doka ya ratso taro yana wasa da kulki, ya ce wane ne mai wannan ɓarna. Babaji ya tofar da abin da ke bakinsa, ya yi ƙoƙarin tsayawa sosai.

"Hari aka kawo mana. Ko ayarin kakana an sha kai masa hari."

"Su wa suka kawo harin?"

Babaji ya duba hagu, ya duba dama. Wata mai nono ta nuna shi da ludayi. "Ga maharin nan tsaye! Shi ya kifar mini da ƙwarya!"

Ɗan doka ya so ya kama shi, ya matso ya ji wari, ya ce ya bar shi da iyalinsa. Ana cikin haka labarin sauran ayari ya fara isowa. An ga jakin Ɗantala a bakin rijiya yana tsaye cikin layi da tabarmin amarya, yana jiran a ɗora masa ruwa. Jakar Saudatu tana gida tana shayarwa, kaji sun hau matasan kai. Jakin Mallam kuwa ya cika aikinsa, ya isa gona ya girgiza, ya juye nakiya da alkaki a kan tulin taki, awakin unguwa sun yi walima.

Sai ga Delu, mayafi a hannu don gudu. Ba ta ko kalli mijinta ba. Ta duƙa tana tsintar kayanta a tsakanin kofatai, tana goge kowace tasa da bakin zane. Ta ɗago wata langa mai jan fure, wadda ta fi so, ta ga ta lotse fenti ya ɓare. Nan hawaye ya zo mata. Baƙin ciki ne na gaske, na shekarun da ta yi a gaban wuta, har matan da ke dariya suka duƙa suna taya ta tsinta.

"Maigida," ta ce, "kakanka ma haka yake yi wa kayan mutane?"

Sai aka ji ƙahon mota. Ayuba ne, wanda tun safe uwarsa ta ce masa kada ya tashi, ya jira tukuna. Gwaggo Auta tana zaune a gaba, takobi a kan cinya. Aka sauko da ita, ta dogara sanda ta zagaya Babaji tana ƙare masa kallo.

"To, mai zamanin da. Zo in gaya maka zamanin da, tunda ni na taka shi. Ƙafata ta tsage har ƙuda na bi. Ruwan da muke sha, jaki ma sai an dake shi yake sa baki. Kurkunu ya kwantar da uwata a zango, aka ɗora ta a kan kaya kamar buhu. Yayana a gefen hanya muka binne shi, ba mu ko tsaya sadakar uku ba. Baba da kake taƙama da shi, bai taɓa yin barci ya miƙe ƙafa ba. Da ya ga wannan," ta bugi jikin motar da sanda, "da a ranar zai sayar da jakunansa kaf."

Ta juya ta miƙa wa Ayuba takobin. Duk jan da san ya yi wa Babaji bai yi masa ciwo kamar wannan ba. Ayuba ya karɓa da hannu biyu, ya tura shi ƙarƙashin kujera kusa da jarkar mai.

"Ubangidana, kada ka damu. Duk ƙayar da na sara, da sunanka zan sara."

Aka tattaro abin da ya tsira, aka ɗauko tukwanen da Delu ta ɓoye, aka loda. Mata masu jere suka hau. Saura turmi. Wani ya ɗaga zai jefa a mota, Gwaggo ta tare shi da sanda.

"Ajiye. Mutumin nan tun yana saurayi yake roƙon zamanin da, ba a taɓa ba shi ba. Yau a ba shi."

Ta sa aka tsinto rawanin daga hanya. Ta zauna a kan turmin, ta murɗa alawayyon da hannunta, ta naɗe shi ya zama gammo, ta miƙe ta ɗora masa a ka.

"Kullum in ka tuna zamanin da, kai ne a gaba da takobi. A ayarin Baba madugu ɗaya ne tak. Masu gammo su ne ba sa ƙirguwa, kuma ni na san inda za a sa ka. Ku ɗora masa."

"Gwaggo, ko a bayan motar ne..."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Ayuba daga tagar mota. "Akwatin ƙarfe ne, warin fetur gare shi. Ba zan ɓata jinin Madugu ba."

Ƙarti suka ɗaga turmi suka aza. Wuyan Babaji ya nutse cikin kafaɗa. Delu ta leƙo daga saman kaya ta ce in turmin nan bai isa ɗakin 'yarta ba, kada ya dawo gidan. Mota ta yi tari ta tashi, ta bar shi cikin hayaƙi. Da rana ta yi sanyi, mutanen ƙauyukan kudu da suka ci kasuwa suka kama hanyar gida a ƙasa, kowa da kayansa a ka. Babaji ya bi bayansu, ƙafa ba takalmi, shi ne na ƙarshe. Bobbo ya raka shi har bakin gari da kiɗan nama.

Turmi dai ya isa Gadaka, bayan an gama biki an watse. Shi kuwa mai turmin, a bayan motar Ayuba aka dawo da shi, kwance a kan buhunan gyaɗa, ya rungume ƙarfe da hannu biyu. Tun daga ranar Hausari kaf ba mai kiransa Babaji. Sunan da ya yi shekaru yana nema ya same shi har da ƙari: Madugu mai gammo.

Ya daɗe bai fito ba. Ran da ya dawo gindin dogonyaro, wuya a karkace, ƙafafu naɗe da tsumma, Ɗantala ya matsa masa wuri a kan tabarma.

"Sannu da hanya, Madugu. Yaya ka samu zamanin da?"

Babaji ya juya jikinsa gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyuwa, ya leƙa wajen ƙofar Gwaggo Auta. Da ya ga ba kowa, sai ya sassauta murya.

"Turmin zamani ne. Turamen da, da hannu ɗaya ake ɗauka."